Yadda za ka kalli zanen Tiberiy Silvashi ba tare da ka ce "ai ko yarona zai iya wannan" ba

Kwanaki wani ya jefo hoto a gurup ɗinmu na WhatsApp, jan fili ne kawai, babu mutum babu bishiya babu ko tsuntsu, ja daga sama har ƙasa kamar an shafe ƙofar shago da fenti an tafi sallah. Ya rubuta a ƙasa wai wannan zane ne, kuma mai shi har lambar yabo ta ƙasa aka ba shi a Yukren. Nan fa aka yi ta dariya, wani ya ce a ba shi bokitin fenti ɗaya da rola kafin la'asar zai yi guda goma. Ban ga laifinsu ba don ni ma a da abin da nake cewa ke nan. To amma tunda na ɗan jima ina bin aikin mutumin nan, har na ɓata kuɗina da falankina ina gwadawa, bari in faɗa muku yadda ake tunkarar irin wannan zanen, wanda Turawa ke kira abstrak, wato zanen da ba ya kwaikwayon surar komai.

Ka fara da sanin waye mutumin, don rabin raini daga rashin sani yake. Sunansa Tiberiy Silvashi, an haife shi a 1947 a Mukachevo, wani gari a yankin Zakarpattia can ƙuryar yammacin Yukren kusa da iyakar Hangari, yankin da shekara biyu kacal kafin haihuwarsa aka haɗe shi da Tarayyar Sobiyet. Ya tafi Kiyev ya yi karatun zane a babbar makarantar zane ta gwamnati, kuma malamarsa ita ce Tetiana Yablonska. Wannan sunan ka riƙe shi. Ita ce ta zana wani shahararren hoto a 1949 na mata manoma suna ɗibar alkama a masussuka, kowace fuska da murmushinta, kowane buhu da ɗinkinsa, har aka ba ta kyautar Stalin, babbar lambar yabo ta gwamnatin Sobiyet, a kansa. Wanda ya zauna a gaban irin wannan malamar ya fita da shaida ba za ka ce masa bai iya zana hannu ko fuska ba. Ya iya, ya kuma yi shekaru yana yi. Ajiyewa ya yi da gangan. Da wanda ya bar abu don ya ƙoshi da wanda ya bari don bai samu ba ai ba ɗaya ba ne.

Sannan ka san ƙasar da ya taso a cikinta. Tun farkon shekarun 1930 gwamnatin Sobiyet ta tsayar da salo ɗaya tak da aka yarda mai zane ya yi, ma'aikaci da gudumarsa, manomi da laujensa, shugaba yana nuna hanya, kowa na fara'a. Wanda ya kauce an san inda ake kai shi. Mykhailo Boychuk, babban malamin zane a Kiyev, harbe shi aka yi a 1937 tare da wasu almajiransa. Kuma abin mamakin shi ne a garin Kiyev ɗin aka haifi Kazimir Malevich a 1879, mutumin da a 1915 ya zana baƙin murabba'i a kan farin fili ya rataye ya ce ga zane nan, har ma ya dawo ya koyar a makarantar zane ta Kiyev a ƙarshen shekarun 1920. Wato irin wannan zanen yana ƙasar tun da daɗewa, taka shi aka yi. Don haka in ka ga ɗan Yukren mai shekarun Silvashi ya shafa kala ɗaya a yadi, ka sani a lokacin ƙuruciyarsa wannan aikin ba ya kawo kwangila, ba ya shiga baje kolin gwamnati, sai dai ya jawo maka ido.

To yanzu ga hoton a gabanka, me za ka yi?

Abu na farko, ka haɗiye tambayar nan ta "wai mene ne wannan". Na san tana zuwa da kanta, ido ya saba neman fuska ko a jikin gajimare, amma a nan babu amsa kuma ba a ɓoye maka komai ba. Shi kansa yawancin ayyukansa sunan da yake ba su kawai "Zane", shi ke nan, kamar ka raɗa wa ɗanka suna Yaro. Ba rowar suna ba ce, so yake kar ka samu igiyar da za ka kama ka fice daga kallo ka koma labari. Tambayar da za ka yi a madadinta ita ce yaya aka yi wannan kalar ta zama haka.

Kuma mu ai bai kamata wannan ta ba mu wahala ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina a Ƙofar Mata ya ga yadda ake yi, a tsoma yadi a ruwan baba a ɗago shi yana ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa a sake ɗagowa, a yi ta yi. Wanda aka tsoma sau biyu da wanda aka wuni ana tsomawa duk shuɗi ne in ka faɗa da baki, amma ko yaro ka ajiye wa su ya san ba ɗaya ba ne, na biyun yana da zurfi kamar za ka faɗa ciki, in kuma ya je wajen masu bugu ya dawo sai ka ga baƙi-baƙi da ja-ja suna gilmawa a jikinsa in rana ta taɓa shi. Ba wanda ke tambayar marini "hoton mene ne wannan". To da wannan idon za ka kalli Silvashi. Jan da ka gani ba ja ɗaya ba ne, shafi ne a kan shafi a kan shafi, fentin mai, kowane sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba, wani wurin an kankare wani wurin an bar shi da kauri, kuma na ƙasan bai mutu ba yana nan yana leƙowa.

Shi ya sa abu na biyu shi ne ka tafi gefe. Kar ka tsaya tsakiya kamar mai ɗaukar fasfo. Gefen yadin, inda ya lanƙwasa ya bi katakon da aka ɗaure shi a kai, da kusurwoyi, nan ne asiri ke tonuwa, sau da yawa a irin wannan aikin a nan za ka hango wata kalar da aka binne, ɗan baƙi ko ruwan ɗorawa a ƙarƙashin ja. Kamar rijiya ce in ana haƙa, ka ga jar ƙasa, ka ga yashi, ka ga marmara, kowace da layinta. Daga nan ka duba fuskar zanen ta karkace yadda haske zai kwanta a kai, ka ga inda ya yi santsi yana sheƙi da inda ya yi kaushi ya shanye hasken, ka ga sawun kayan aikin, ta ina hannu ya bi, daga sama ya sauko ko daga hagu ya ja. Ka matsa baya taku biyar ka dawo. Kalar da ka bari ba ita za ka tarar ba.

Na san abin da za ka ce, malam mu da muke nan ina muka ga gefen zanen da ke Kiyev. Gaskiya ne, kuma waya ita ce babbar maƙiyiyar irin wannan aikin, don tana mayar da abu mai tsayin mutum ya koma girman katin waya, ta goge kaurin fentin ta bar maka kala fayau, wanda shi ne dalilin dariyar 'yan gurup ɗinmu. Amma akwai dabara. Kar ka nemi hoton da aka ɗauka gaba da gaba aka yanke gefensa. Ka nemi wanda aka ɗauka a zauren baje koli da mutum tsaye kusa da shi don ka san girmansa, ka nemi wanda aka matso da kyamara sosai har ana ganin kaushin fentin, in kuma da data ka nemi bidiyo a YouTube inda mai ɗauka ke tafiya a gaban zanen, nan ne za ka ga haske na yawo a kai. Ka rubuta sunan ta hanya biyu, Silvashi da Szilvashi, don duka ana rubutawa, in kuma kana son sakamako mai yawa ka kwafi wannan ka liƙa: Тіберій Сільваші. Ka kashe wannan abin na waya da ke mayar da sikirin rawaya da daddare, ka ƙara haske, in da kwamfuta ta fi. Sannan ka zauna da hoto ɗaya minti biyar ba ka shafa sikirin ba. Minti biyar fa na ce, ka gwada ka ga yadda yatsanka zai dinga ƙaiƙayi.

Maganar minti biyar ɗin ba wasa ba ce, don lokaci shi ne abin da mutumin nan ke bi tun yana zana mutane. Tun ƙarshen shekarun 1970 ya raɗa wa abin da yake yi suna kuronoriyalizim, daga kalmar Girkanci kuronos, wato lokaci. A fahimtata abin da ke damunsa shi ne yadda za a sa lokaci ya zauna a cikin zane, kuma a hankali ya gano ba sai ya zana agogo ko tsoho ko faɗuwar rana ba, fentin da kansa yana ɗauke da lokaci, kwanakin da aka jira wannan shafin ya bushe, makonnin da aka koma ana ƙarawa. Sai mutanen da ke cikin hotunansa suka yi ta raguwa har suka fita gaba ɗaya, aka bar kala ita kaɗai. In ya zuba watanni a ciki kai kuma ka ba shi sakan uku, to ba ku ma gaisa ba.

Akwai kuma wani ɓangare na rayuwarsa da ke taimakawa in ka sani, don kar ka ɗauka wani ne da ya kulle kansa a ɗaki. Lokacin da shugaban Sobiyet Gorbachev ya ɗan sassauta igiya, Silvashi ne ya jagoranci tara matasan masu zane a Sedniv a 1988, wani ƙaramin gari a yankin Chernihiv a bakin kogin Snov inda ƙungiyar masu zane ke da gidan aiki. Aka ba su wuri da kayan aiki aka ce kowa ya yi abin da ransa ke so, abin da yau za ka ji kamar ba komai ba, amma a wancan lokacin sabon abu ne fil. Da yawa daga waɗanda suka yi suna a zanen Yukren bayan samun 'yanci a 1991 ta wannan zaman suka bi. Sai a 1992 ya haɗu da abokansa huɗu, Anatoliy Kryvolap da Marko Geiko da Oleksandr Zhyvotkov da Mykola Kryvenko, suka kafa ƙungiya mai suna Zhyvopysnyi Zapovidnyk. Sunan nan yana burge ni. Zapovidnyk shi ne gandun daji da aka killace, irin Yankari, inda ake kare dabbar da ake tsoron ƙarewarta, wato suna cewa zane da fenti zalla ya zama dabbar da ke neman ɓacewa, a daidai lokacin da matasa ke rububin bidiyo da hotuna da sauran sababbin abubuwan da suka kwararo daga Yamma. Kalmarsu ta zane kuma, zhyvopys, in ka fasa ta biyu za ka samu "mai rai" da "rubutu".

Cikin su biyar ɗin Kryvolap ne ya fi yin kuɗi, shi ya koma zanen fili da dawaki da kaloli masu ƙuna, har wani hotonsa na doki da yamma aka sayar kimanin dala 186,000 a gidan gwanjon Phillips a 2013. Ka duba nasa ma, zai zame maka tsani, don a nasa akwai ɗan dokin da ido zai kama kafin ya saki jiki da kalar. Ni dai na fi son na Silvashi saboda bai bar min ko dokin ba, amma ba zan yi musu da wanda ya ce na Kryvolap ya fi daɗin ratayewa a falo ba. Shi kuma Silvashi an ba shi kyautar Shevchenko, babbar kyautar al'adu ta ƙasar, a 2022, shekarar da tankokin Rasha suka nufo Kiyev, shekarar da gidan tarihi na garin Ivankiv mai ɗauke da zanen shahararriyar mai zane Maria Prymachenko ya ƙone, 'yan Rasha kuma suka kwashe kayan gidan zane na birnin Kherson a motoci.

To yanzu sai ɓangaren da ya fi komai, wanda in ba ka yi shi ba duk surutun nan nawa a banza. Ka yi naka. Ba don ka zama mai zane ba, don dai hannunka ya gaya wa idonka abin da baki ya kasa.

Ka samu falanki ko guntun silin mai santsi kamar faɗin faranti biyu, kar ka fara da babba. Ka goge shi da samfefa, ka shafa masa farin fentin ruwa irin na bango sau biyu ka bari ya bushe, wannan shi ne shimfiɗa. Fenti kuma ka sayi akirilik a shagon kayan makaranta, kala uku sun isa da fari da baƙi, don shi cikin rabin awa ya bushe, na mai irin wanda su Silvashi ke amfani da shi kwanaki yake ɗauka kuma da tsada. Burushi mai faɗi ɗaya, da ƙarfen nan da masu fenti ke kankare bango da shi, ko tsohon katin ATM ma ya yi. Ka yanke shawarar kalar da kake so ta fito a ƙarshe, a ce ja. To kar ka fara da ja. Ka fara da abokin gabarsa, kore mai duhu ko baƙi-baƙi, ka shafe fuskar duka ka tafi harkarka. In ya bushe ka kawo ruwan ƙasa ka sirka da ruwa sosai ya zama kamar shayi, ka bi kai, yadda na ƙasan zai dinga nunawa. Ya bushe. Sai ja na farko, shi ma siriri. Kafin ya gama bushewa ka ja katin nan a kai sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sau ɗaya fa, kar ka koma gyara. Gobe ka ƙara wani jan da ka ɗiga wa ɗan baƙi, jibi wanda ka ɗiga wa ruwan ɗorawa, wata rana mai kauri wata rana mai ruwa, ka yi ta yi har shafi goma ko sha biyu, kuma gefen falankin kar ka goge shi, ka bar duk abin da ya zubo.

Sannan ka ɗauko wani falankin ka shafa masa ja sau ɗaya da rola yadda ɗan gurup ɗinmu ya ce zai yi. Ka jingina su biyu a bango ɗaya ka kalle su da hantsi, ka sake kallo bayan la'asar.

Kura-kuran da za ka yi na riga ka yin su. Na farkon da na yi rashin haƙuri ya kashe shi, na ɗora ja a kan koren da bai bushe ba, suka cakuɗe suka ba ni wata kala kamar miyar kuka da ta kwana, ba ja ba kore. Na biyu kuma na yi shi da hunturu na shanya a tsakar gida don ya yi saurin bushewa, na dawo na tarar ƙura ta yi masa riga, ga sawun kaza guda biyu a kusurwa, uwar gida ta fito ta dube shi ta ce ai gara ma da kazar ta taimaka, yanzu ya yi kama da wani abu. Don haka ka shanya a ɗaki, a kwance, ka kifa masa kwali da ɗan tsayi yadda ba zai taɓa ba. In kuma ka ce kai sai na mai za ka gwada, ka riƙe ƙa'ida ɗaya, na ƙasa ya zama siriri marar mai sosai, na sama ya fi shi mai, in ka juya lissafin na saman zai riga na ƙasan bushewa ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Ka buɗe taga saboda warin tina, kuma kar ka haɗa na mai a ƙasa akirilik a sama, ba ya kamawa, ɓarewa yake.

Wahalar da ba wanda zai gaya maka ita ce sanin inda za ka tsaya. A zanen mutum in ka sa ido biyu da hanci da baki ka san ka kusa gamawa, a nan babu wannan alamar. Akwai ranar da falankina ya yi kyau a shafi na takwas, jan ya yi wani irin zurfi kamar garwashi a cikin toka, na ce bari in ƙara ɗaya ya fi haka, na tara ya rufe komai ya koma ƙofar shago. Na yi ta kankarewa da kati ina neman na takwas ɗin, bai dawo ba, sai dai wani abu daban ya fito wanda shi ma ba laifi. Tun daga ranar in na ji hannuna na rawar ƙarawa sai in juya fuskar falankin bango in bar shi kwana biyu.

Wani abokina da ba ya son hoton abu mai rai a ɗakinsa ya zo ya ga na ƙarshen da na yi, shuɗi ne shafi sha ɗaya a kan ruwan goro, ya ɗauka ya kai bakin ƙofa ya karkata shi ga haske ya jima yana dubawa, sai ya nuna kusurwar ƙasa ya ce wannan ja-jan da ke fitowa a nan da gangan ka yi ko kuskure ne. Na ce masa kuskure ne. Ya ce to kar ka taɓa shi, ya sa a ƙarƙashin hammata ya tafi da shi, har yau bai dawo min da falankina ba.